Gwajin guntun fata kafin tiyatar sankara: abin da aiki ya koya mini a Gusau

A aikina na likita a Gusau, masu sankarar fata da na fi gani su ne zabiyoyi da rana ta illata, da masu tsohon gyambo ko tabon ƙuna da ya rikiɗe, sai kuma dattawa masu baƙin tabo a tafin ƙafa. Kafin tiyata nakan yi allurar kashe zafi, in yanko ɗan guntun nama, in tsoma shi a ruwan fomalin da ke hana nama ruɓewa, a aika wa masana binciken nama su duba.

Wajen tabbatar da cewa sankara ce, da bambance manyan ire-irenta, wato basal da sikwamos da melanoma, gwajin abin dogaro ne ƙwarai. Inda yake da rauni shi ne ƙananan rabe-rabe, musamman a basal, domin ƙari ɗaya yana iya haɗa nau'i mai sauƙi a sama da nau'i mai kutsawa a ƙarƙashi. Guntun da bai wuce milimita 4 ba kamar ɗiban gero ne daga bakin buhu, ba lallai ya nuna tsakuwar da ke ƙasa ba. Wannan ba ƙaramin lamari ba ne, domin nau'in ne ke faɗin yawan lafiyayyar fatar da za a haɗa a yanke: kimanin milimita 4 ga mai sauƙi, fiye da haka ga mai kutsawa.

Shi ya sa a gyambo nake yanka a gefe, inda ciwo ya haɗu da lafiyayyar fata, tunda tsakiyarsa sau da yawa mataccen nama ne, kuma idan yana da faɗi ina ɗauka a wuri fiye da ɗaya. Baƙin tabo kuwa, in dai ƙarami ne, na fi son cire shi gaba ɗaya, saboda yana iya zama melanoma, kuma zurfinta ne ke yanke hukuncin girman tiyata.

Abin da ya fi wuya shi ne shawo kan iyalai su sake biyan kuɗin gwajin naman da aka cire bayan tiyata, alhali sun riga sun sayar da akuya ko hatsi. Nakan ce wa majiyyaci, "Baba, gwajin farko hanya ya nuna mana, na biyun ne zai gaya mana ko an kwashe ciwon duka." Idan sakamakon ya nuna saura a gefen yankan, nakan kira shi mu koma ɗakin tiyata tun ciwon bai sake tsirowa ba.