Abin da aikin haɗa sola ya koya min kan hayaƙin gidajenmu

Aikin haɗa sola nake yi a Kano, kuma kafin mu ɗora fanel ko ɗaya a rufin mutum sai mun zagaye gidan da biro da takarda mun rubuta duk abin da ke shan wuta, daga ƙwan fitila har dutsen guga, mu tambayi awa nawa kowanne yake yi a kunne, mu tambayi lita nawa janareto ke sha a dare. Don kuɗi muke wannan lissafin, kar mu sayar wa mutum batirin da ba zai kai shi asuba ba. Amma a cikinsa ne na fara gane maganar ɗumamar yanayi da ake ta yi a rediyo, domin kusan irinsa masana ke yi in suna son sanin yawan hayaƙin da gida guda ke turawa sama a shekara.

Asalin maganar ba ta da wuya. Rana tana gasa ƙasa, ƙasa ta mayar da wani zafin sama, to akwai wasu iskoki a samaniya, wadda aka fi magana a kanta ita ce kabon dayoksaid, su ke tare zafin nan kamar bargo. Da babu su kwata-kwata da sanyi ya hana rayuwa, damuwar ita ce bargon sai ƙara kauri yake. Kafin zamanin masana'antu, a cikin kowane kaso miliyan ɗaya na iska wajen 280 ne kabon dayoksaid, yanzu ya haura 420, daga ƙona kwal da fetur da gas da sare dazuzzuka. Zafin duniya ya ƙaru da sama da digiri 1, kuma a 2024 an yi zafin da ba a taɓa rubuta irinsa ba tun da aka fara ajiye lissafi. Duk digiri 1 da iska ta ƙara zafi tana iya riƙe ƙarin tururin ruwa kusan kashi 7 cikin 100, shi ya sa za ka ga ruwa ya ɗauke ana tsakiyar damina har masara ta fara naɗe ganye, sannan dare ɗaya a sheƙa wanda ƙasa ba za ta iya shanyewa ba. Ambaliyar 2022 ta ci rayuka sama da 600 a Najeriya, a Satumban 2024 madatsar Alau ta ɓalle ruwa ya mamaye Maiduguri, a Mayun 2025 kuma ga Mokwa. Ban ce duk laifin yanayi ba ne, akwai gini a kan hanyar ruwa da kwatocin da muka cushe da leda, amma ruwan kansa ya canza hali kuma tsofaffin manoma sun riga kowa faɗa.

Lissafin fetur ne ya fara ɗaure min kai. Lita 1 ta fetur ba ta kai nauyin kilo ɗaya ba, amma in ta ƙone tana fitar da wajen kilo 2.3 na kabon dayoksaid, saboda kabon ɗin da ke cikinta yana haɗuwa da iskar oksijin ta waje nauyin ya ninka. To ɗauki gidan da ke ƙona lita 3 kowane dare a janareto, wajen kilo 7 kenan, a shekara ya kai tan biyu da rabi, alhali in aka raba hayaƙin man ƙasar nan gaba ɗaya a kan kowa da kowa, mutum ɗaya bai kai tan guda a shekara ba. Injin nan da ke kwarmato a lungun zaure shi kaɗai ya fi rabon mutum uku ko huɗu.

Wani Alhaji da muka je yi wa aiki, da na kawo wannan zancen sai ya ce min, yaro, yanzu mu ne za mu gyara duniyar da Turawa suka ɓata? Wallahi yana da gaskiyarsa kuma ban musa masa ba. Afirka duka ba ta kai kashi 4 cikin 100 na hayaƙin da duniya ke fitarwa ba, Ba'amurke ɗaya yana fitar da wajen tan 14 a shekara, amma mu ne hamada ke ci ta Yobe da Jigawa da Sakkwato, mu ne Tafkin Chadi ya janye ya bar masunta da manoma suna neman inda za su sa kansu. Ƙasashen duniya sun yi yarjejeniyar Paris ta rage hayaƙi a 2015, Najeriya ta yi alkawari a taron Glasgow a 2021 cewa zuwa 2060 hayaƙin da take fitarwa ba zai wuce wanda ake janyewa daga iska ba, amma har yau ana ƙona gas a banza a Neja Delta dare da rana. Babban nauyin yana wuyan gwamnatoci da kamfanoni, kuma ba na son a riƙa ɗora wa talakan da ko fanka ba shi da ita laifin da ba nasa ba. Abin da na ce wa Alhaji kawai shi ne, ranka ya daɗe, a gidajenmu kusan duk abin da zai rage hayaƙi shi ne zai rage kuɗin da ke fita daga aljihunka, balle tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023.

A gidan nasa ma muka gani. Ƙwan fitila goma na da, masu wat 60, wat 600 kenan, in aka musanya su da LED masu wat 9 sai su dawo wat 90 kuma hasken bai ragu ba. Ga wata tsohuwar firiza a sito, robar murfinta ta tsage har kana iya zura yatsa, ƙanƙara ta yi tudu a bakin, injinta ko minti ɗaya ba ya hutawa, kuma an manna ta da bangon da rana ke duka tun hantsi. Robar nan kuɗinta kaɗan ne amma wutar da ke tsiyaya ta wurin sai ta ci fanel guda. Shi ya sa nake gaya wa mutane, a fara toshe ɓarna kafin a sayi sola, sai a sayi ƙarama ta isa. Masu AC kuma in za a yi gyara ku tsaya a kai, yawancin masu gyara kwance bututu kawai suke gas ɗin ya fice fuuu, kuma gas ɗin tsofaffin AC yana riƙe zafi kusan sau 2,000 fiye da kabon dayoksaid.

Amma inda na fi koyon darasi shi ne madafi, wurin da takardarmu ba ta ma da layinsa. Mu maza sai mu tsaya a falo muna ƙirga talabijin da fanka, alhali a yawancin gidaje wutar da ta fi kowacce girma tana can baya a ƙarƙashin tukunya. Wata Hajiya ta shigar da ni madafinta don na ja mata waya a sa fitila, bangon ya yi baƙi ƙirin har silin, murhu na duwatsu uku, icen bai gama bushewa ba yana tsiyayar ruwa ta gindi, ita kuma da goyo a baya tana fifita da murfin roba idonta jawur. Irin wannan murhun, abin da ke shiga tukunya daga zafin icen da ƙyar yake wuce kashi 10 zuwa 15 cikin 100, sauran duk ya tafi iska. Gawayi ma da ake ganin ya fi tsafta, a yadda ake turara shi a daji sai an ƙona ice kilo 5 ko fiye kafin a samu kilo 1, ka duba manyan motocin da ke shigo da buhunansa gari kullum ka ƙiyasta bishiyoyin da suka faɗi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce hayaƙin girki na cikin gida yana kashe mutum wajen miliyan 3 a shekara, kuma mata da ƙananan yara ne suka fi shaƙarsa.

Hajiyar nan ita ta koya min abin da ban sani ba. Ta ce ɗana, ai mu muka san tsadar ice, in na jiƙa wake tun dare rabin wuta yake ci, in na rufe tukunya ruf tafasa ba ta daɗewa, shinkafa kuma in ta ɗauko nuna sauke ta nake na naɗe tukunyar da tsohon zani na cusa a kwando ta ƙarasa da kanta. Ta san da murhu mai tsimin ice, ta san gas ya fi, ta taɓa amfani da shi ma, tsada ce ta mayar da silindar ƙarƙashin gado. Gas shi ma daga ƙasa ake haƙo shi kuma yana fitar da kabon, amma in aka gwada shi da sare daji da hayaƙin da ke shiga ƙirjin yara, ni dai ina ganin ya fi sauƙin illa nesa ba kusa ba. Duk maigidan da ke da halin sayen sola don kallon ƙwallo, ya fara leƙa madafi ya tambayi uwargida da me take girki.

Sai maganar gini, da sauri. Muna malale tsakar gida da siminti ko intalok, mu sare darbejiyar da ke gefen yamma wai tana zubar da ganye, mu yi rufin kwano ba silin, sannan mu zo neman inbatar da za ta ɗauki AC. Na shiga tsofaffin soraye na ƙasa a cikin gari da azahar a watan Afrilu, ba fanka amma za ka iya zama. A Maraɗi da Damagaram kuwa, tun shekarun 1980 manoma suka daina tumɓuke kututture lokacin sharar gona, suna barin tohon gawo da sauransu su tashi suna yi musu sassabe, aka wayi gari da bishiyoyi wajen miliyan 200 a kan hekta miliyan 5, ba tare da an raba musu dashe ba.

Solar da nake sayarwa ita ma tana da nata matsalar kuma ya kamata a faɗa. Ƙurar hunturu in ta kwanta a kan fanel wuta raguwa take, dole a riƙa gogewa da ruwa da sassafe kafin gilashin ya yi zafi. Batiran dalma kuma in aka riƙa zuƙe su har ƙasa ba sa daɗewa, in sun mutu sai 'yan gwangwan su saya su fasa su zubar da ruwan batirin a kwata, su narka dalmar a cikin unguwa yara na wasa a gefe, kuma dalma guba ce ga ƙwaƙwalwar yaro. Yanzu duk wanda muka sa wa sabon batir muna roƙonsa ya dawo mana da tsohon shago, wasu suna kawowa, wasu kuma kuɗin mai gwangwan ya fi musu.