Auna Kauri da Nauyin Mai a Sanyin Jos

Duk mai sayen man gyada a Jos ya san yadda yake yin kauri da safiyar hunturu, ya tsinke idan rana ta take. Abin nan da ido ke gani shi ne ya fi ɓata sakamakon gwaji a ƙananan ɗakunan bincikenmu. Ruwa kansa, kaurinsa 1.002 mPa·s (ma'aunin kaurin ruwa da mai) ne a digiri 20 na Salsiyas, amma a digiri 30 ya sauka zuwa kusan 0.80. Na mai ya fi haka saurin canzawa. Saboda haka kafin ka taɓa komai, tanadi kwanon ruwa mai tsayayyen zafi da ma'aunin zafi a ciki.

Fara da nauyi, wato giram nawa ke cikin kowane mililita na man. Fiknomita ƙaramar kwalba ce, mai mililita 10 ta wadatar, murfinta na da siririn rami. Wanke ta, ɗauraye da asiton (sinadarin wanki mai saurin bushewa), bar ta ta bushe sarai, ka ɗora a sikeli mai nuna 0.001 na giram. Cika ta da tataccen ruwa a digiri 25, sa murfi har rarar ta fito ta ramin, goge jikinta, sake aunawa. Raba nauyin ruwan da 0.9970, ka sami ainihin cikin kwalbar. Kada ka dogara da lambar da ke jikinta. Busar da ita, cika ta da man ka auna, sannan ka raba nauyin man da cikin kwalbar. Man gyada mai kyau yakan ba da kusan giram 0.91 a kowane mililita.

Kada ka riƙe kwalbar da tafin hannu. Ɗumin jikinka na buɗa man, ɗigo ya fita ta ramin murfi, awo ya ragu. Kumfa ɗaya da ta maƙale ƙarƙashin murfi ma haka take yi. Ko na'urar hannu ta auna nauyi ta kamfanin Anton Paar, mai bututun gilashi da ke kaɗawa, wadda mililita 2 ke isar ta, kumfa na ruɗa ta.

Shi kuwa kauri, bututun gilashi mai lanƙwasa ake amfani da shi, irin Ostwald ko Cannon-Fenske. A nan ɗalibai suka fi tuntuɓe, abin kuma yana damuna: sai a ɗauki bututun da aka yi don ruwa a zuba masa mai, a zauna jira har a gaji. Zaɓi mai faɗin ramin da man zai ɗauki daƙiƙa 200 ko fiye kaɗan tsakanin layuka biyun da ke jikin bututun. Tsayar da shi cak a kwanon ruwan, don ɗan karkata kaɗan na canza lokacin. Ba shi minti 15 zuwa 30 zafinsa ya daidaita. Ja man sama da layin farko, sake shi, ka ƙirga lokaci da agogo sau uku. Idan ukun suka yi nisa da juna, duba ramin da kyau a haske. Sau da yawa ƙurar hunturu ce ko zaren tsumma.

Ninka daƙiƙun da lambar da ke takardar bututun, sannan ka ninka da nauyin da fiknomita ta ba ka a zafi ɗaya, ka sami kaurin a mPa·s. Rubuta zafin a gefen kowace lamba.