Baƙin hunturu a fadamar Nguru

Farar jallabiya na saka ranar farko, ita kuwa ta ɓata mini tafiyar. Sai da hantsi ya dubi ludayi muka isa bakin ruwa, ga ni tsaye ƙiƙam a kwalekwale. Kafin in kai madubin hangen nesa ido, garken agwagi ya tashi fir, ya bar ni da ƙarar fukafukai. Dattijon da ke tuƙa mu ya dube ni sama da ƙasa, ya ce, "Malam, Idi ka zo ko kallon tsuntsu?"

Washegari ana sallame asuba muka fita, na sa wata tsohuwar riga mai launin ƙasa. Sanyin Janairu a fadama ba na wasa ba ne, yatsuna har ƙagewa suka yi. Baba ya zagaya da mu ta gabas don rana ta zama a bayanmu, ya cusa kwalekwalen cikin ciyawa, ya ce in zauna, kada in nuna komai da yatsa.

Kirinjijiya muka fara ji, da fitonsu mai gaɓa uku, tun hazo bai bar mu mun gan su ba. Sai ga dinya, ga zalɓe tsaye kamar an dasa shi, ga taka-a-bado yana yawo bisa ganye da dogayen yatsunsa. Waɗannan duk 'yan gida ne. Ni baƙi na zo gani, masu baro Turai da Rasha idan ruwansu ya daskare, su ƙetare Sahara su sauka a fadamar Hadeja da Nguru, su koma wajen Maris. A tsakiyar kirinjijiya na hango wani ɗan ƙaramin agwagwa mai farin zane daga saman ido zuwa ƙeya. Na daɗe ina kallonsa. Abin da bai kai rabin kilo ba, amma ya ratsa hamada da fiffikensa, ni kuwa motar Kano zuwa Nguru ta isa ta sa ni ciwon baya.

Masu dogayen ƙafafu na bakin taɓo su suka fi wahalar da ni, don a hunturu duk kusan launinsu ɗaya, toka-toka. Baba bai damu da launi ba. Tsawon baki yake dubawa, da irin tafiya: wannan gudu yake ya tsaya, wancan caccakar laka yake kamar keken ɗinki. Waɗanda ke dafifi a gonakin shinkafar da aka girbe suna tsintar abin da ya zube, ya ce a ƙirga goma, a riƙe girman goman a ido, sannan a auna sauran garken da shi. Haka ma masu ƙidayar tsuntsayen ruwa ta duniya suke yi kowane Janairu.

A hanyar dawowa muka maƙale a kachala. Ciyawar ta toshe hanyar ruwa, sai da ya sauka ya tura. Yana turawa yana mita: tun da aka gina dam ɗin Tiga a 1974, aka ƙara da na Challawa a 1992 a kan kogunan da ke kawo wa fadamar ruwa, ambaliya ba ta zuwa yadda ta saba, kachala ta cinye gona da wurin kamun kifi, tsuntsun jan-baki kuma ya samu maɓoya yana cin shinkafa. Na ce ai wurin ya shiga jerin Ramsar na fadamu masu muhimmanci a duniya tun 2000, Yarima Philip na Ingila ma ya ziyarci Dagona, matattarar tsuntsaye da ke wannan fadama, a 1989. Ya ce ya ji labari, amma in taimaka in riƙe masa gorar nan tukuna.