Ranar da ba ma buɗe raga

Kwana uku kenan iska daga teku bata bari mun buɗe ragar kama tsuntsaye ko ɗaya ba, ga ruwa kamar da bakin ƙwarya. Jiya da safe ɗaya daga cikin baƙin da muka kawo tashar saka wa tsuntsaye zobe ya same ni ransa a ɓace, wai shi ya biya kuɗi ne don ya ga ana saka wa tsuntsu zobe. Nace Malam yi haƙuri, ragar nan zarenta siriri ne kamar gashi, in ta jiƙe tsuntsu ya faɗa ciki gashinsa ya sha ruwa sanyi zai kashe shi kafin mu iso, in kuma iska ce ta ɗaure ta tamau sai ta ji masa ciwo a fiffike. Ni bana yin wannan ko nawa za a bani.

Kamfaninmu ƙarami ne, muna kawo masu son kallon tsuntsaye tashar da ke bakin teku lokacin ƙaurar tsuntsaye, muna kuma gyaran raga da ɗinka jakunkunan auduga da ake saka tsuntsu ciki. Kuma wlh ranar hadari ma akwai aiki. Tun asuba muke fakewa bayan dutse da madubin hangen nesa muna ƙirga tsuntsayen teku da guguwa ta turo kusa da gaɓa, waɗanda in lafiya lau ne sai ka shiga jirgin ruwa ka yi nisa kafin ka gansu. Gishiri na rufe gilashi kana gogewa, hannu ya ƙage, amma kana rubutawa. Sannan akwai tarkon Helgoland, wanda ya samo sunansa daga wani tsibirin Jamus, dogon keji ne na waya mai faɗin baki da ke tsukewa har zuwa ɗan akwati a ƙarshe, shi iska bata cika hana shi aiki ba.

Abin da muke jira shine safiyar da ruwan zai ɗauke. Ƙananan tsuntsaye da yawa da daddare suke tafiya, in hadari ya tare su a saman teku ƙasar da suka fara gani nan suke zubowa, sai ka fito ka ga kowane ɗan kurmi yana motsi. A nan ake gane wanda ya iya.

Dattijon da ya koya min sai da na yi wata da watanni ina riƙe masa jaka kafin ya bari na taɓa filayar matse zobe. Yakan ce fara gano ta wane ɓangare tsuntsun ya shiga ragar, ka cire ƙafafu, sai fiffike, kai a ƙarshe. Ka sa wuyansa tsakanin yatsa manuniya da na tsakiya, kar ka matse ƙirji. Ranar farko da ya miƙo min wani ɗan mitsitsi da bai kai giram 10 ba, ya ce in hura gashin cikinsa in duba kitse, na hura na ga fata ja babu ko ɗigon rawaya, ƙashin ƙirji a tsaye kamar wuƙa, zuciyarsa na bugawa a tafin hannuna. Ya ce to wannan ya ƙone guzurinsa kaf a hanya, auna shi maza ka sake shi ya je ya ci. Har yau haka nake koya wa yarana: zobe, tsawon fiffike da rula, sikeli, a rubuta, a saki, cikin minti ɗaya ko biyu. Tun 1899 da wani malamin makaranta a Denmark, Mortensen, ya fara wannan aiki, lambar da ke jikin zoben ita ce ke gaya mana inda tsuntsu ya je.

Abin da ke ƙona min rai shine masu kwaikwayo, sun sayo raga mai araha wadda ƙullinta ke zamewa zaren kuma kaushi, babu lasisi babu horo, su bar ta a buɗe awa guda don baƙo ya samu hoto. Mu duk minti 20 zuwa 30 muke zagayawa. An taɓa kawo min irin ragar in gyara, na duba na mayar wa mai ita.

Hasashen yanayi ya nuna iska zata faɗi cikin daren nan, na gaya wa baƙin kowa ya kwanta da wuri, ƙarfe biyar muna bakin raga da tocila.