Makaniken da Ya Taɓa Kabureta a Ƙarshe

Sana'ata ita ce gyara tsofaffin motoci da kula da su, irin waɗanda aka ƙera daga 1960 zuwa farkon shekarun 1980, kuma masu su suka ƙi rabuwa da su. Garejin ƙarami ne, domin mu shida ne kawai idan aka haɗa da yara biyu masu koyon aiki. Motocin da suka fi shigo mana su ne Peugeot 404 da 504, da Volkswagen Beetle, da Mercedes W123, kuma kusan dukkan masu shan fetur a cikinsu da kabureta suke aiki, wato abin da ke gauraya iska da fetur kafin su shiga inji. Ni na fi ƙwarewa a gyaran jiki da fenti da neman kayan gyara. Aikin inji kuwa yana hannun wani dattijo da muka daɗe tare, har ranar da idonsa ya yi rauni ya ce zai huta. A ranar na gane cewa rabin garejin a kunnensa da yatsunsa yake.

Neman wanda zai maye gurbinsa ya ɗauke ni watanni. Makanikai ba su yi ƙaranci ba, sai dai tun farkon shekarun 1990 kamfanonin motoci suka bar kabureta suka koma injekta, kuma daga 1996 aka wajabta wa motocin da ake sayarwa a Amurka soket ɗin OBD-II, wanda ake jona wa na'ura ta faɗi inda matsala take. Wanda ya koyi aiki bayan wannan lokaci ya saba mota ta gaya masa ciwonta a rubuce. Ban ga laifinsu ba, domin abin da kasuwa ta nema suka koya, amma motar 1972 ba ta da irin wannan soket ɗin.

Da na gaji da jin kowa yana cewa ya iya, sai na mayar da wata Beetle ta 1972 abin gwaji. Injinta mai cc 1600 ne, kaburetarta kuma Solex 34 PICT-3. Tana tashi lafiya, tana gudu lafiya, amma da zarar an ɗaga ƙafa daga totur a mahaɗar hanya sai ta mutu. Na farkon da ya zo bai tambaye ni komai ba. Ya zaro sukundireba ya murɗa sukurorin kaburetar har sulo ya hau sosai, motar ta daina mutuwa, ya dube ni yana jiran yabo. Ɓoye ciwon ya yi, kuma injin da iska ke sanyaya shi ba a wasa da shi haka, domin ƙarancin mai a cikin haɗin iska da fetur yana ƙara masa zafi. Na biyu ya leƙa sau ɗaya ya ce a sayo sabuwa.

Na uku mutum ne mai furfura, wanda ya zo da ɗan akwatin kayan aikinsa. Kafin ya buɗe murfin inji sai ya ce, "Maigida, yaushe aka fara wannan, kuma wane aiki aka yi mata kafin nan? Ta taɓa daɗewa a ajiye da mai a tankinta?" Na ce masa ta yi kusan shekara a tsaye. Sai ya ce a bar injin ya huce, domin ba zai taɓa kabureta ba sai ya tabbatar da abin da ke gabanta da bayanta. Ya auna tazarar bawul ya mayar da ita milimita 0.15, ya duba kontak ɗin distributa ya saita shi a milimita 0.4, ya gyara lokacin wuta, sannan ya kwance fulogi huɗu ya jera su bisa tsarin silinda yana duba launinsu.

Dalilin wannan jeri yana cikin yadda kabureta take aiki. Ita ba ta tura mai da ƙarfinta. Inji ne yake zuƙo iska ta cikin wani maƙogwaro da aka matse tsakiyarsa, kuma a wurin matsin iskar tana ƙara sauri, nauyin danninta ya ragu, sai ta ja fetur ta ƙananan ramukan da ake kira jet. Haɗin da yake ƙonewa tsaf shi ne kusan kashi 14.7 na iska ga kashi 1 na fetur a ma'aunin nauyi. Saboda haka duk abin da ya rage ƙarfin zuƙar inji, ko bawul da ba ya rufuwa ne ko wuta da ke zuwa a makare, zai bayyana kamar laifin kabureta. A shekarun da na yi a wannan aiki, yawancin motocin da aka kawo da sunan kabureta ta lalace, a wajen wuta aka samu matsalarsu.

Wannan karon dai fulogin sun fito fari fat, alamar iska ta yi wa mai yawa. Ya kunna makulli, ya cire wayar ɗan bawul ɗin lantarki da ke jikin Solex ɗin, wanda yake toshe hanyar sulo idan an kashe mota, ya sake taɓa ta, muka ji ƙas, ya ce wannan lafiyarsa lau. Daga nan ya sa aka kawo abin kashe gobara kusa, ya tayar da injin, ya riƙa fesa maganin wanke kabureta kaɗan-kaɗan a mahaɗun bututun da ke kai haɗin cikin inji. Da feshin ya sauka a kan robar da ke haɗa bututun ta hagu, sai muryar injin ta canza nan take. Robar ta tsage ta ƙasa inda ido ba ya kaiwa, kuma ta nan iska take satar hanya ba tare da ta bi ta kabureta ba. Sai bayan an canza robobin biyu ya kwance kaburetar, inda ya tarar da jet ɗin sulo ya kusa toshewa da garin tsatsa daga tanki da kuma danƙon tsohon fetur. Yaron da ke taya shi ya miƙo masa siririyar waya, ya ce, "A'a, ɗana, jet tagulla ne mai laushi, idan ka faɗaɗa ramin ba ya komawa." Da magani da iskar kwamfuresa ya wanke shi. Ya mayar da sukurun haɗi zagaye biyu da rabi daga rufe, ya jira injin ya yi zafi, sannan ya daidaita sulo a wajen juyi 850 a minti. A ranar na ɗauke shi aiki.

Tun daga lokacin na lura cewa matsalolin da suke na kabureta da gaske ba su da yawa, sai dai suna rikiɗa. Baƙin hayaƙi a salansa da warin fetur da fulogi mai baƙin toka suna nuna mai ya yi yawa, kuma galibi ko cok, wato murfin da ke rage iskar da ke shiga kabureta idan inji yana da sanyi, ne ya maƙale a rufe, ko allurar da ke tsayar da mai ta cinye, ko kuma fulot, wato abin da ke iyo a cikin kofin mai, ya huje ya nutse. Wata 504 ta wahalar da mu kwana uku tana ambaliyar mai bayan mun canza mata allura har sau biyu, ashe wani ya saka mata famfon mai na lantarki da ya fi ƙarfinta. Irin waɗannan kaburetoci ba sa son matsin da ya wuce kusan psi 3. Idan kuma mota tana shaƙewa lokacin da aka taka totur da sauri, sai a leƙa maƙogwaron a ga ko ɗan famfon da ke tsarto mai yana tsartowa, domin fatarsa takan bushe ta tsage.

Mercedes 200 da 230 na W123 suna da kaburetar Stromberg, wadda tsarinta dabam ne, domin fistin ne yake hawa da sauka da wata doguwar allura, kuma fatar roba ce take ɗaga shi. Huji ƙarami a wannan fata ya isa ya hana motar jan ƙarfi, kuma akwai ɗan man da ake zubawa a samanta wanda masu motoci da yawa ba su san da shi ba. Fetur na zamani ma ya ƙara mana aiki a inda ake gauraya shi da etanol, kamar E10 da ya zama gama-gari a Birtaniya a 2021, domin yana jan ruwa kuma yana cin tsofaffin robobi da tiyo. Duk motar da ta shigo mana yanzu, tiyon mai da filta muke fara canza mata.

Abin da na fi yin taurin kai a kansa shi ne kada a jefar da kaburetar asali. Sababbin da ake kwaikwaya sukan zo da jet da bai dace da injin ba, alhali tsohuwar Solex ko Zenith, ko da sandar totur ɗinta ta yi lako-lako tana shigar da iska, ana iya saka mata sabon bushi ta dawo daidai. Muna da littafi da ake rubuta lambar kowane jet da yawan zagayen kowane sukuru kafin a kwance komai, kuma babban yaron ne yake riƙe da shi yanzu. Makon jiya shi kaɗai ya kwance Solex ɗin wata 404 ya mayar, malamin nasa yana zaune a gefe yana sauraren injin, bai ce komai ba sai da ya umarce shi ya rage sukurun haɗi kwata ɗaya.