Gidan 'yar tsana daga kasuwar gwanjo

Wata shida ina farautar kayan haɗa gidan 'yar tsana irin na da, sai jiya Allah Ya haɗa mu a kasuwar gwanjo nan Ingila. Fasalin ginin zamanin Sarauniya Biktoriya: rufi mai tsini, baranda an yi mata ado kamar leshi. Inci ɗaya a madadin ƙafa ɗaya, ma'aunin gidan 'yar tsanar Sarauniya Mary na 1924 da ke fadar Windsor.

Kwalin sai warin ajiya, takardar bayanin har ta yi ja. Tsohuwar da ke sayarwa ta ce fam 30, na taya 20, ta sallama. Ashe da dalili! Da na baje falankin a ƙasa, babu matakala. Maigida sai dariya yake, wai 'yan tsanata su koyi tsalle.