Tarihin Rayuwata, Kashi na 23: Hunturun da Auta Ya Ajiye Ƙwallo

A makon jiya na tsaya ne a daren da Auta ya sa hannun hagu a kwanon tuwo. Mamarsa ta daka masa tsawa, "Kai, a gidan wa ka koyi wannan?" Shiru ya yi, sai hawaye. Ashe kwana uku ke nan ba ya iya miƙe gwiwar hannunsa ta dama.

Laifin nawa ne, ba zan ɓoye ba. Da kakar besbol, wasan nan na Amurka da ake jefa ƙwallo a buge shi da sanda, ta ƙare a Oktoba, na jingina tsohuwar katifa a bangon ɗakin ƙasa na gidanmu a Bronx, cikin birnin New York, kullum in na ajiye tasi sai ya jefa mini ƙwallo sittin kafin ya kwanta. Ni a Zangon Kumasi na tashi, inda yaron da ya zauna ake ce masa malalaci. Gani nake 'ya'yan mutane na barci, nawa yana tsere musu. Shekarunsa 14.

Likita ya duba hoton, ya ce jijiyar ba ta yage ba, amma wurin da ƙashi ke girma a cikin gwiwar ya kumbura. Sannan ya juyo gare ni, ya tambaye ni ko na san Tommy John. Mai jifa ne na ƙungiyar besbol ta Dodgers, wanda a 1974 Dakta Frank Jobe ya ciro jijiya daga ɗaya hannunsa ya dasa masa a gwiwa. Bai sake wasa ba sai 1976. Yanzu, in ji likitan, har 'yan sakandare ake kawo musu a yi wannan tiyatar. Jikina ya yi sanyi.

Ya ba ni takardar ƙa'idojin Pitch Smart, waɗanda MLB da USA Baseball, manyan hukumomin besbol na Amurka, suka fitar a 2014. Yaro kamar Auta kada ya wuce jifa 95 a rana, in ya kai 66 sai ya huta kwana huɗu. A shekara kuwa, wata huɗu ba jifan gasa, biyu ko uku a jere ko ɗaga hannu ya yi jifa ba a yarda ba. A mota na karanta takardar sau uku kafin na tayar da inji.

Kocinsa, wani dattijo ɗan ƙasar Dominika, bai yi mini faɗa ba. Igiyar roba kawai ya kawo, ya ɗaura a mariƙin ƙofar ɗakin yaron, ya nuna masa yadda zai maƙale gwiwa a haƙarƙari yana jan robar a hankali, ciki da waje. Sauran aikin duk na ƙafa ne da kugu, tsuguno da gudu, don a cewarsa daga ƙasa ƙarfin jifa yake tasowa. Ƙwallon kuwa mamarsa ta kulle a akwatin zannuwanta.

Sai tsakiyar Fabrairu likita ya ba da izini. Muka je zauren motsa jiki na makaranta, koci ya auna ƙafa 45, ya ce jifa 25 kacal, a tausashe, gobe hutu. Na sa safar kamu, hannuna na rawa. Auta ya daɗe yana juya ƙwallon a tafinsa, sannan ya ɗago ya ce, "Baba, in ya yi zafi zan faɗa maka wannan karon."

Mu haɗu mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.